Yadda ake bambance Viola nephrophylla da ƴan uwanta a fadamun ciyawa na Amurka ta Arewa

0. Gabatarwa

Wannan ɗan aiki ya shafi wani ƙaramin tsiro wanda ba ya fitowa a ƙasarmu, ba shi kuma da suna a Hausa. Masana tsirrai suna kiran shi Viola nephrophylla, Faransawa kuwa suna ce wa duk jinsin violette. A nan za mu ce "biyola", bisa ga sunan Latin. Kada a haɗa ta da furen tukunya da ake sayarwa da sunan violette africaine, wanda asalinsa Tanzaniya ne da kudancin Kenya: wannan daga wani dangi yake dabam, kamar launi ce kawai ta haɗa su.

Abin da ya sa muka zaɓi tsiron nesa shi ne, yawancin ɗalibanmu sun fara koyon gane tsirrai da littafin Berhaut, Flore du Sénégal, bugu na 1967, wanda mabuɗinsa ya fi dogara ga ganye. Hanya ce mai kyau, kuma ta yi mana aiki ƙwarai a dajin Sahel, amma takan sa ɗalibi ya ɗauka cewa ganye kaɗai ya isa shaida. Biyolar da za mu duba tana nuna inda wannan tunani yake karyewa, har ma inda fure da kansa yake gazawa.

Tun da babu daidaitattun kalmomi, ga waɗanda muka yi aiki da su: dangi (famille), jinsi (genre), nau'i (espèce), fiffike (pétale), marfi (sépale), kunnen marfi (auricule), aljihu (éperon), wuyan fure (pédoncule), kwanso (capsule), ƙwaya (graine). Shawara ce muka kawo, ba hukunci ba, kuma "fiffike" musamman ba ta gamsar da mu sosai ba.

1. Wurin da take fitowa

Filin doguwar ciyawa (prairie) da Turawa suka tarar a tsakiyar Amurka ta Arewa ya kai kusan ekta miliyan 70, wato ya fi rabin faɗin Nijar. Abin da ya rage bai kai kashi 4 bisa ɗari ba. A jihar Ayowa bai kai kashi ɗaya bisa dubu ba. Cikin wannan fili akwai wurare masu kwari inda ruwa yake kwantawa a saman ƙasa, ko dab da saman, daga narkewar ƙanƙara har farkon lokacin zafi, sa'an nan ya janye. Su muke kira fadamar ciyawa (prairie humide). Kalmar fadama ta dace ta fuskar ruwa, amma a tuna cewa wannan fadama takan daskare watanni da dama a shekara, kuma wutar daji ce take hana itatuwa kama ta. Ciyayin da suka fi yawa cikinta su ne Spartina pectinata da Calamagrostis canadensis da nau'o'in Carex. Tun daga ƙarni na 19 manoma suka riƙa binne bututun yumɓu a ƙarƙashinta don tsotse ruwan, sabili da ƙasarta baƙa ce mai albarka ga masara. 

Viola nephrophylla tana son ƙasa mai sanyi wadda ba ta rabuwa da laima, musamman inda ruwan ƙarƙashin ƙasa mai sinadarin alli (calcaire) yake tsattsafowa. Edward Lee Greene ne ya raɗa mata suna a shekara ta 1896, daga kalmomin Girka biyu masu ma'anar "ƙoda" da "ganye". Yaɗuwarta ta fi ta dukan ƴan uwanta na kusa: daga gabashin Kanada har yammacinta, ta biyo yankin Manyan Tafkuna, ta gangara ta duwatsun yamma har Arizona da Kalifoniya. Sauran ƴan uwan galibi na gabas ne. Ke nan a yamma mai nisa wahalar ganewa kaɗan ce. A jihohi kamar Mishigan da Wiskonsin da Minesota da Ilinoi ne nau'o'i uku ko huɗu suke iya haɗuwa a fadama guda.

2. Ginin tsiron

Bitar da Marcussen da abokan aikinsa suka buga a 2022 ta ƙidaya nau'i 664 a jinsin Viola. Ba dukansu ba ne suka dame mu. Tambaya ta farko ita ce: ganye da fure daga kara suke fitowa, ko kuwa kai tsaye daga gindi? Biyolarmu ba ta da kara a sama. Tana da wani kakkauran kara kwance a cikin ƙasa, daga gare shi kowane ganye da kowane fure suke tasowa, kowa da wuyansa. Ba ta kuma miƙa jijiya a saman ƙasa don ta kafa wani gindi. Furenta shuɗi ne mai sirkin ja. Wannan ya ware ta daga masu kara, da masu fure rawaya, da farare irin Viola lanceolata mai siririn ganye kamar mashi, wadda ita ma fadama take so.

Furen yana da fiffike biyar: biyu a sama, biyu a gefe, ɗaya a ƙasa. Na ƙasan yana da ɗan aljihu ta baya inda ruwan zuma yake taruwa. A bayan fiffike akwai marfi biyar koraye, kowane da ɗan kunne da ya zarce ta baya. A maƙogwaron furen, bisa fiffiken gefe biyu, akwai gashi fari wanda masana suke kira gemu. Duk tantancewar da za mu yi a lokacin fure tana cikin wani wuri da bai kai faɗin farce ba, don haka ba ta yiwuwa sai da madubin ƙara girma (loupe) mai ninki 10.

Biyu daga cikin ƴan uwan ganye ya isa ya fitar da su. Viola pedatifida tana da ganye mai yatsu sirara, tsagagge har gindi, kuma ta fi son tudu. Viola sagittata tana da ganye mai tsawo kamar bakin kibiya, da manyan haƙora ko ƙananan kunnuwa a gindinsa. Iyakar taimakon ganye ke nan. Waɗanda suka rage duka suna da ganye cikakke mai siffar zuciya ko ƙoda, mai ƙananan haƙora a baki.

Gaskiya ne ganyen farko na nephrophylla yakan zama kewayayye, mai ɗan kauri, ba tsini, sau da yawa bayansa da ɗan ja-ja. Amma ganyen da ke fitowa daga baya yakan faɗaɗa ya yi tsini, har ya koma kamar na sauran. Wanda ya riƙe sunan ya tafi neman ƙoda a watan Yuli zai dawo hannu rabbana.

3. Tantancewa a lokacin fure

Fure yana buɗewa tsakanin watan Afrilu da na Yuni, gwargwadon wuri. Alamomi uku ake dubawa, kuma a ganinmu gara a bi su a jere kamar haka: siffar gashin gemu, gashin fiffiken ƙasa, sa'an nan marfi.

3.1. Viola cucullata

Wannan ita ce abokiyar zama ta kusa, domin ita ma ba ta barin ruwa, kuma ita ma ba ta da gashi a ganye. Aiton ne ya ba ta suna a 1789. Ita ce furen da lardin New Brunswick na Kanada ya ɗauka alama. Daga nesa ana iya zarginta: furenta yakan ɗago sama da ganye bisa dogon wuya, launinsa ya fi haske, kuma sau da yawa akwai duhu kewaye da farin maƙogwaro, kamar an sa wa ido kwalli. Amma zargi ne kawai. Shaida tana ga gemu. Gashin cucullata gajere ne, kowane ɗaya kansa a kumbure kamar kulki ko kan ashana. Na nephrophylla ya fi tsawo, siriri ne kamar zare, in ma ya faɗaɗa a kai to kaɗan ne. Wanda ya taɓa ganin biyun a gefen juna sau ɗaya ba ya ƙara ruɗewa, shi ya sa muka sa wannan alama a gaba.

Alama ta biyu ta ƙarfafa ta farko. A cucullata fiffiken ƙasa sumul yake, ba gashi. A nephrophylla shi ma yana da gemu a ciki, wato fiffike uku ne masu gashi, ba biyu ba. Sai dai a nan ne masu gaggawa suke yin kuskure: gashin gefe yakan rufe bakin maƙogwaro har mai dubawa ya ga kamar na ƙasan ma gashi gare shi. Dole a cire fiffiken gefe biyu, a bar na ƙasa shi kaɗai, kafin a ce komi.

Marfin cucullata siriri ne mai tsini, kunnensa dogo. Na nephrophylla ya fi faɗi, bakinsa a dakushe ko a kewaye, kunnensa gajere, gefensa kuma ba gashi.

3.2. Viola sororia

Ita ce biyolar kowa da kowa a gabashin Amurka, ta bakin hanya da ta lambun gida da ta ƙarƙashin itatuwa. Jihohi huɗu, Ilinoi da Wiskonsin da New Jersey da Rhode Island, sun ɗauke ta furen jiha. Ba ƴar fadama ba ce ta asali, amma duk inda aka taɓa fadama, aka haƙa lambatu ko shanu suka tattake, sai ta shigo ta gefe. Gemunta siriri ne kamar na nephrophylla, don haka alama ta farko ba ta raba su. Abin da ke raba su shi ne fiffiken ƙasa, wanda a sororia ba gashi, ko kuwa ƴan tsiraru ne da ake iya ƙidayawa. Gefen marfinta sau da yawa yana da gajeren gashi kamar na ido, kuma wuyan ganye da bayan ganye sukan yi gashi mai laushi.

Mun ce "sau da yawa" da "sukan" da gangan. Akwai tsirrai masu kama da sororia ta kowace fuska amma sumul, waɗanda tsofaffin littattafai suka daɗe suna kira Viola papilionacea. Ke nan gashi a ganye yana iya fitar da nephrophylla daga lissafi, amma rashin gashi ba ya shigar da ita.

3.3. Viola affinis

Ita ce mafi wuya, domin tana da duk alamomin biyu na farko: gemu siriri, fiffiken ƙasa mai gashi, ganye kusan sumul. A lokacin fure abin da ya rage shi ne ganyenta ya fi tsawo bisa faɗi, yana tafiya yana tsukewa zuwa tsini, marfinta kuma mai tsini ne. Ta fi son inuwar daji mai laima da bakin rafi bisa buɗaɗɗen fili. Waɗannan alamomi ne na "ya fi" da "bai kai ba", ba na "akwai" da "babu" ba, kuma mai gaskiya yakan tsaya a nan ya rubuta alamar tambaya. (Sunayen ma sun tona asirin masu raɗa su: sororia na nufin "ta ƴar uwa", affinis kuma "makusanciya".)

4. Fure na biyu

Bayan furen da kowa yake gani ya bushe, biyola tana ci gaba da yin wani fure har ƙarshen lokacin zafi, wanda ba ya buɗewa sam. Ƙarami ne, kore, kamar toho, ba shi da fiffiken kirki. Yana barbarar kansa a rufe, ya zama kwanso. Faransanci yana kiran shi fleur cléistogame, mu kuma za mu ce rufaffen fure. Darwin ya yi dogon bayani a kansa cikin littafinsa na 1877 kan siffofin furanni. Abin ba baƙo ba ne gare mu: balasa, wato Commelina, wadda ke fitowa a gonakinmu da damina, wasu nau'o'inta suna yin irin wannan fure a cikin ƙasa. A biyola, yawancin ƙwayar da tsiro yake zubarwa a shekara daga rufaffen fure take fitowa.

Wanda ya nuna darajar wannan ga tantancewa shi ne Ezra Brainerd, wanda ya shugabanci kwalejin Middlebury a jihar Vermont daga 1885 zuwa 1908. Maimakon ya tsaya ga busasshen reshe, sai ya riƙa dasa biyola a lambunsa, yana bin kowace tun daga toho har ƙwaya, yana shuka ƙwayar ya ga abin da za ta haifa. Sakamakon ya fito a littafinsa na 1921 kan biyolar Amurka ta Arewa. Abin da ya gano shi ne, nau'o'in da suka yi kama a watan Mayu sukan rabu sarai a watan Yuli da na Agusta.

A nephrophylla, kwanson rufaffen fure kore ne, ba ɗigo, bisa wuya mai tasowa sama ko tsayayye. Kunnen marfi yana nan gajere. Ƙwayar kuma mai duhu ce. A cucullata ma kwanso kore ne bisa tsayayyen wuya, amma kunnen marfi yakan ƙara tsawo har ya wuce milimetir 2, wani lokaci ya ninka haka, ana ganin shi ba madubi. A sororia kwanso yana da ɗigo-ɗigo ja mai duhu, wuyansa kuma kwance yake a ƙasa, sau da yawa a ɓoye ƙarƙashin busasshen ganye, sai an tona. Ba ya ɗagowa sai dab da fashewa. A affinis ma kwanso mai ɗigo ne. To ga amsar alamar tambayar da muka bari: fiffiken ƙasa mai gashi da kwanso kore, nephrophylla ce, fiffiken ƙasa mai gashi da kwanso mai ɗigo, affinis ce.

Wahalar ita ce alamomin biyu ba su zuwa lokaci ɗaya. Dole a kafa wa tsiro turke mai lamba a lokacin fure, a dawo bayan sati shida ko takwas, lokacin da ciyawa ta riga ta rufe shi har ƙugun mutum. Dole kuma a sa kwanso cikin ambulan na takarda tun bai buɗe ba, domin in ya nuna yakan tsage gida uku, kowane gida ya matse ya harba ƙwayar nesa, abin da ya faɗi kuma tururuwa ta kwashe sabili da wani ɗan maiƙo da ke manne da shi. Ga mai ajiye busassun tsirrai (herbier) akwai ƙarin ka'ida: launi yana gushewa, maƙogwaro yana mannewa, don haka a warware fure ɗaya a danne fiffikensa dabam-dabam, a kuma rubuta siffar gemu tun a fili.

5. Ruwa-biyu da saɓanin masana

Ko an bi duk wannan, za a tarar da tsiron da ya ƙi shiga ko'ina. Dalili shi ne dukan shuɗɗan biyola marasa kara na wannan rukuni suna da kuromozom 54, kuma suna barbarar juna in ƙwari suka haɗa su. Brainerd ya bayyana gomomin ruwa-biyu a littafinsa na 1924. Wanda ke tsakanin cucullata da sororia har suna gare shi, Viola ×bissellii. Ana gane ruwa-biyu da alamomi masu tsaka-tsaki, amma shaida mafi ƙarfi ita ce a buɗe kwanso: sau da yawa za a tarar da ƴan ƙwayoyi masu kyau tsakanin tarin waɗanda suka shanye. Rufaffen fure kuma yana taimaka wa ruwa-biyu ya ɗore a wuri, tun da ba ya bukatar kowa.

Wannan ne ya raba masana gida biyu tsawon ƙarni. Wasu sun ga cewa tun da iyakoki suna narkewa, gara a tattara. Bitar McKinney ta 1992 ta rage yawan nau'o'in, kuma a wasu littattafai na shekarun 1990 sunan nephrophylla ya ɓace cikin affinis, ita kuma aka mai da ta reshen sororia. Wasu sun ce iyakokin suna nan, idon mai dubawa ne bai kai ba. Nir Gil-ad ya duba fatar ƙwaya da gashin gemu da madubin elektron, ya buga a 1997 cewa kowane nau'i na asali yana da zanensa. Kundi na 6 na Flora of North America, na 2015, ya riƙe nephrophylla a matsayin nau'i mai zaman kansa, haka ma babban aikin Ballard da Kartesz da Nishino na 2023.

Mu dai muna tare da masu rabawa, a kan wannan nau'i aƙalla. Tsiron da ke da mazauninsa, da yankinsa da ya zarce na sauran da dubban kilometir, da alamar fure da ta kwanso waɗanda ke tafiya tare, bai kamata a share sunansa don kawai busasshen samfurin watan Mayu ya gagari mai dubawa ba. Amma mai karanta tsofaffin rahotanni ya kiyaye: "sororia" a takardar 1995 ba lalle ba ne sororia ta yau, sai an san littafin da marubucin ya bi.

6. Abin da kuskure yake jawowa

A kudu maso yammacin Amurka, a jihohin Kolorado da New Mexico da Yuta, akwai wani malam-buɗe-littafi, Speyeria nokomis nokomis, wanda tsutsarsa ba ta cin komi sai ganyen Viola nephrophylla. Macen tana zuba ƙwai wajen watan Satumba a kan tsiron ko kusa da shi; tsutsar tana ƙyanƙyashewa, ta kwanta duk lokacin sanyi ba ta ci ba, sai ganye ya tsiro ta farka. In babu biyolar a ɗan tazarar da za ta iya rarrafawa, ta mutu. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, ta ambaci lalata mazauni da karkatar da ruwa da kiwon da ya wuce kima. A takardun hukumar an rubuta sunan biyolar da siffa biyu, nephrophylla da kuma reshen sororia, gadon saɓanin da muka ambata. A watan Agusta na 2024 ta kuma ba da shawarar kare wani ɗan uwansa na filin ciyawa, Speyeria idalia, wanda shi ma tsutsarsa biyola kaɗai take ci.

Can gabas kuwa, inda ake ƙoƙarin maido da fadamun da aka tsotse, matsalar ta ƙwaya ce. Masu wannan aiki suna tara iri daga ragowar fadamu na asali su shuka a sabon wuri. Kwanson sororia da na ruwa-biyu sun fi yawa a gefe, inda mai tarawa yake fara isa ba tare da ya jiƙa ƙafa ba. Nephrophylla tana can tsakiya inda ruwa yake tsattsafowa. Haka nan mai kimanta fadama: in ya rubuta nephrophylla, ya shaida cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana nan da rai; in ya rubuta sororia, bai faɗi komi ba game da ruwan, domin ita ko a bakin titi tana fitowa. Takardar da aka cika a ziyara guda ta watan Mayu, ba turke, ba dawowa, ba ta iya raba nephrophylla da affinis da tabbaci, kuma ya kamata mai cika ta ya rubuta haka a gefen sunan.